Kanwa Ba Gishiri Ba Ce

Yayata ta haihu a Unguwar Lalle, aka tura ni in taya ta zaman jego. Kafin ta yi arba'in ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. In ta kwanta sai haki, dole a jingina ta da bango.

Ni na raka ta asibiti. Likitan, baƙo ne a ƙasarmu, ya ce zuciyarta ta yi rauni, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jikinta. Ya rubuta ƙwayoyin da za su fitar da ruwan ta fitsari, ya ce ta huta, kuma ta bar gishiri. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ko kai bai ɗaga ba.

Gwaggonmu, ƙanwar babanmu, ita ke kula da jegon, kuma ba ta wasa da umarni. Ta raba wa Yaya tukunya, miya lami kamar ruwan wanke hannu. Amma safe da yamma sai ta dama kunun kanwa, mai kauri, ta tsaya a kanta sai ta shanye, don nono ya kawo. Sau ɗaya na yi magana.

"Gishiri yac ce," in ji Gwaggo. "Kanwa ba gishiri ta ba. Shi munka sha munka haife ku."

Na yi shiru, kuma wannan shirun har yau haushinsa nake ji. Ni ce ma nake zuwa kasuwar Sabon Birni in zaɓo mata kanwar, mai kyau, ta 'yan Nijar.

Da muka koma asibiti, kumburin ya kai ciki. Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa 'yar garin Isa, ta danna ƙafar Yaya da yatsa, wurin ya lotsa.

"Kina shan kunun kanwa?"

Ashe a wajen zuciya kanwa da gishiri duk ɗaya ne, riƙe ruwa suke. Tambaya guda! Mai jego ce a gaban likitan nan, a ƙasar Gobir, amma mutum ya yi karatun shekaru bai san abin da ke cikin ƙwaryarta ba.

Yaya ta rayu, tana shan magani kullum, an kuma hana ta ɗaukar nauyi. Ɗiyarta yanzu gudu take a tsakar gida. A bayana ta girma, uwarta ba ta taɓa goya ta ba.