Wayar Mereoni

Mereoni 'yar Fiji ce, ta karanci lauya a Melbourne, tana wanke-wanke a gidan tsofaffi. In wani babban kamfanin lauyoyi bai ɗauke ta koyon aiki ba, bizarta za ta ƙare.

A liyafar da kamfanin ya shirya wa masu nema, ta rakuɓe jikin bango tana jiran manya su fara magana, yadda aka tarbiyyantar da ita. Sauran kuwa suka kewaye su da surutu.

Safiyar da kamfanonin ke kiran waɗanda suka ɗauka, wayarta shiru.

"Ke lauya, kallo ba zai sa ta ƙara ba," in ji Bronwyn mai girki. "Ga kwanuka can."

Mereoni ta buɗe famfo. Ruwan ya yi zafi ƙwarai, amma ba ta janye hannu ba.