Ɗalha Mai Faifai da Gardamar Shekara Bakwai

Ɗalha Garzali ya sauka a garin Greensboro na Amurka a shekarar 1978 da niyyar karatun aikin gona. Karatun ya yi shi, ba laifi, amma a unguwar Glenwood ba wanda ya san shi da digiri. Da faifai aka san shi. Yana aikin ɗaukar kwalaye a wani sito da ke titin Wendover, kuma duk Juma'a in an tashi sai ya biya shagon tsofaffin fayafayan garmaho, ya dawo da ɗaya a hammata yana washe baki kamar an yi masa haihuwa.

Kuma ba kowane kiɗa ba, sai irin rok ɗin nan da Turawa ke kira furogiresib, wanda waƙa ɗaya ke cinye fuskar faifai ɗungurungum. Ganga ta tafi ta dawo, sarewa ta shigo, jita ta yi ta yawo. Matarsa Hadijatu takan ce ta ɗora shayi ta sauke, ta sha, ta wanke kofi, mai waƙar bai buɗe baki ba tukuna.

Mutum ɗaya ke iya zama ya saurara da shi: maƙwabcinsa Sirajo Dabo, ɗalibin adabi, sarkin gardama. Ƙungiyoyin kiɗa biyu na samarin yankin suka raba su. Ɗalha ya sa wa nasa suna Masu Sarewa. Na Sirajo kuwa Malamai ake ce musu, don baitukansu sai ka ce lacca.

"Malam Ɗalha, waɗannan naka me suke cewa ne?" Sirajo zai tambaya, yana juya bangon faifan. "Wai tauraro ya auri kifi. Wannan waƙa ce ko zazzaɓi?"

"Ka bar tauraro, ka saurari ganga!"

"Nawa fa, a kan masaƙar da aka rufe suke magana, da tsohon da aka sallama. Wannan ita ce waƙa."

"Baitukan sun yi kyau, na yarda. Amma kiɗan fa? Kamar ana daka a fasasshen turmi."

Shekara bakwai ana wannan, wallahi, kowace Lahadi bayan la'asar. Ɗalha yakan yi dariya, amma abin na cin ransa. Shi ya amsa cewa Malamai sun iya magana. So yake sau ɗaya tak Sirajo ya amsa cewa kiɗa zalla na iya taɓa zuciyar mutum, don in amininsa bai ji abin da yake ji ba, to shi kaɗai ke jin sa a garin nan. Sirajo kuwa ko a jikinsa.

A 1985 Sirajo ya kammala karatu, jirginsa na komawa gida ranar Litinin. Ranar Asabar aka shirya wasa da rana a wani fili a McLeansville, ƙungiyoyin biyu duk za su hau. Ɗalha ya ce ko da jan kunne sai sun je. Hadijatu ta ɗaure musu dambun nama, ta ce Allah ya raba su lafiya.

Malamai suka fara. Sirajo yana gyaɗa kai, yana zungurin Ɗalha a kan kowane baiti. Sai Masu Sarewa suka hau, suka ɗauko wani dogon kiɗa da babu kalma ko ɗaya a ciki. Ɗalha ya dafe kai. Shi ke nan, ya ce a ransa, sun ba mutumin nan abin faɗa har Kano.

An yi kamar minti goma sai sarewa ta yi shiru, jita ta ja baya, aka bar mai ganga shi kaɗai, wani siririn Bature mai gashi har kafaɗa. Ya fara a hankali, ya dinga hawa, ya dinga hawa, har mutane suka daina motsi. Ɗalha ya juya zai ce ka ji ko, sai ya ga kujerar Sirajo wayam.

Can ya hango shi yana taka matakalar dandamali, hula a karkace, kafaɗa na rawa. Sirajo ya isa gaban mai ganga, ya zaro takardar dala, ya manna masa a goshi. Ga gumi, dala ta zauna daram! Ya ƙara ta biyu. Baturen ya zare ido, bai san liƙi ba, bai san laifin da ya yi ba, ga hannuwa duka biyu na aiki, haka ya ci gaba da kiɗa yana leƙe ta ƙarƙashin kuɗi. Wani ƙato mai tsaron dandamali ya taso, amma ihun da jama'a suka ɗauka ya tsayar da shi.

Ɗalha ya yi dariya har da hawaye, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Daɗi ne ya cika shi, ga kuma Litinin ta ƙarato.

Sirajo ya dawo ya zauna, ya gyara hula, ya ƙi haɗa ido da kowa.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji shi.

Ɗalha ya kama hannunsa ya riƙe gam. "Ai kar ma ka ce, ɗan'uwa. Yi shiru, ba su gama ba."