Mai Rubutun Bayan Mota na Kwandiko

Mun tashi da asuba daga Kano ana yayyafi, ni da wani abokina mai mota. Sana'ata zana takardun da ake liƙawa a jikin kaya, a kwamfuta nake yi. Wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa ta ba ni aiki, sau uku ina kai musu suna dawo min da shi. Shugabarsu ta ce, "Malam, rubutun nan naka kamar na katin asibiti. In Litinin ta yi bai gyaru ba, za mu kai wa wani." Sai na ce bari in fita in ga yadda masu fenti da hannu suke yi.

Hantsi ya same mu a Birnin Kudu. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha, ƙosan bana kuwa sai ka haɗa biyu kafin baki ya san an ci. Na bi shaguna ina ɗaukar hoto. Wani mai shayi an zana masa kofi ya fi butar girma, ya ce shi ya nemi a yi hakan, don masu wucewa su sa rai.

A nan na ga wata tsohuwar babbar mota ana loda mata buhunan riɗi. A bayanta an rubuta kalma ɗaya da jan fenti: Haƙuri. Lanƙwasar ƙ ɗin ta tashi kamar ƙahon sa, ban taɓa ganin irinta ba. Direban ya ce wani dattijo ne ya rubuta a Gwaram, amma ya koma gona a Kwandiko.

Muka kama hanya. Gero da dawa sun rufe ko'ina, duwatsu na leƙowa ta bayansu. Abokina yana kauce wa ramuka yana mita, wai harafi ɗaya zai ci masa taya. A Gwaram muka ci dafa-duka, muka yi tambaya, aka nuna mana hanya.

Mun tarar da dattijon a gindin tsamiya yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi, na nuna masa aikina a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya.

"Ɗana, kai k ka rubuta, ka zo ka ɗora mata hular aro. Ni daga lanƙwasar nake farawa, sauran jikin ya biyo ta."

Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya ja ɗ da ɓ da ƙ, kowanne bai ɗaga hannu ba. Ya miƙo min tsinken. Sau bakwai yana shafe nawa da ƙafa. A na takwas ya bar shi, ya kira a kawo mana fura.

Mun shigo gida bayan magariba, wandona duk jar ƙasa. Washegari da alƙalami na fara, kwamfuta ta biyo baya. Ranar Litinin shugabar ƙungiyar ta juya takardar, ta ce, "Wannan kam an san Bahaushe ne ya rubuta." Shekara tara ina aikin haruffa, amma sai da na durƙusa gaban wani manomi na gane cewa ban taɓa zana su da hannuna ba.