Mahfuz Bhai, Wa Ya Faɗa?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha bakwai ga watan Satumba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mahfuz Kidwai a gidansa da ke unguwarmu ta Aminabad, a birnin Lucknow na ƙasar Indiya, yana da shekara saba'in da ɗaya. Kwana tara ke nan yau, kuma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In na buɗe shagon yadina sai in ji ya yi mini ƙunci, in na koma gida sai in sake fitowa.

Mahfuz Bhai, wato ɗan'uwana, tun da ka yi ritaya daga gidan waya ka mayar da bencin Bablu mai shayi ofishinka. Jarida uku kake shimfiɗawa kowace safiya, ta Urdu da ta Hindi da ta Turanci, ka nemo labari ɗaya a cikin dukkansu, ka nuna mana inda suka saɓa. Mu kuwa ra'ayi ne da mu kamar ruwan damina. Farashin albasa, tukunyar gas, wanda zai ci zaɓe, kowa gwani ne. Sai ka bari mu gama kumfar baki, ka sauke tabarau, ka ce, "To, wa ya faɗa?" Wallahi tambayar nan ta sha ƙona mini rai. Da yamma in masu muhawara a talabijin suka fara ihu su takwas a lokaci guda, kai ne kake kashe sautin, ka ce bakin ma ya ishe ka kallo.

Ban manta shekarar da aka yi ta yaɗawa a unguwa cewa gishiri zai ƙare ba. Na ɗauko buhu biyu a babur ina haki. Kai kuma ka taka da ƙafarka har kasuwar 'yan sari, ka ɗauko hoton gishiri tsibi-tsibi ka nuna mana. Ka dube ni ka ce, "Shakil Bhai, in za ka aurar da 'yarka, gishirin biki dai ya samu." Shekara uku matata tana girki da shi tana yi mini gori.

Ba baki kaɗai gare ka ba. Gwauraye nawa ka cike wa takardun fansho, tsofaffi nawa ka bi wa layi har sunansu ya koma cikin rajistar zaɓe, ba ka taɓa tambayar wa za su zaɓa ba, balle addininsu. Kwatar bakin masallaci ma wasiƙunka ga editoci ne suka sa aka gyara ta.

Abin da ke hana ni sakat shi ne wannan. Ni ne mai kula da zauren unguwarmu na WhatsApp, mutum ɗari da arba'in. Ana gab da zaɓe na tura wani bidiyo na matasa suna ƙona shaguna, da rubutun da ke cewa a bayan layinmu ne, layin su Bablu, inda mabiya addinin Hindu suke zaune. Kafin minti goma ka amsa cewa bidiyon tsoho ne, ka ce a dubi lambar motar da ke ciki, ba ta jiharmu ba ce ma. Gaskiya ka faɗa, kuma wataƙila ka hana jini zuba a ranar. Amma ni kunya ce ta kama ni a gaban mutane, sai na cire ka daga zauren, kai da ɗanka Tanwir. Wata biyar ina sauya hanya don kada in bi ta gaban bencin nan. Bablu ya taɓa tare ni ya ce, "Haba Shakil Bhai, mayar da shi zauren danna yatsa ɗaya ne fa. Ko yatsan ne ya yi ciwo?" Na ce masa sai bayan damina.

Ranar Talatar ina Kanpur wajen sarin yadi, tafiyar awa biyu kacal. Ƙarfe goma saƙo ya shigo zauren cewa ka rasu, jana'iza bayan azahar. Babu sunan wanda ya rubuta, sai alamar nan ta saƙon da ya bi hannu da yawa. Ka san abin da na yi? Na ce a raina, wa ya faɗa? Na mayar da wayar aljihu na ci gaba da ciniki, har ina jin kaina mai hankali. Sau ɗaya a rayuwata na yi aiki da karatunka, shi ma rabi na ɗauka. Kai da ka ji maganar gishiri tashi ka yi ka je ka gani. Ni ko kira ɗaya ban yi ba, don girman kai bai bar ni in nemi lambar gidanka ba.

Sai da la'asar Bablu ya kira ni daga ƙofar maƙabarta. Ya ce, "Ina ka shige? An rufe shi." Daga baya na gane dalilin da saƙon ya zo ba suna. Tanwir ne ya rubuta shi da hannunsa, amma ba shi da hanyar sa shi a zauren, sai da ya bi ta hannun mutum huɗu. Ni na toshe ƙofar da labarinka zai shigo mini.

Jiya na mayar da lambarka cikin zauren. Wayar tana hannun Tanwir, ya gani. Bablu har yau yana ajiye jaridu ukun a kan benci, muna ta surutunmu a kansu, babu mai tsayar da mu.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Mahfuz, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa gaskiyar da ya tsare ta tsaya masa ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Rukhsana, wadda muke kira Bhabhi, wato matar ɗan'uwa, da Tanwir da ƙannensa, da dukkan mutanen Aminabad. Allah ya ba ku haƙuri. Bhabhi, an ce mini ya yafe mini tun kafin ya kwanta ciwo. Ina so in yarda, amma wannan karon zan zo da ƙafata in ji daga bakinki.