Zoɓo ya koya mini jiran ja

Shekarun baya kaɗan, ina ajin ƙarshe na sakandare, burina makarantar koyon jinya, kuma ba a shiga sai da kiredit a Kemistiri. Makarantarmu ba ta da isassun kayan gwaji. Haɗa asid da kishiyarsa, wato sinadari irin kanwa, har launi ya sauya, a allo kawai muka gan shi.

Ni kuwa kunya ba ta barin in shiga bitar 'yan ajinmu, sai na buɗe tawa a tsakar gida. Mahaifiyata tana dafa zoɓon da ake kai wa masu dashen shinkafa a bakin kanal. Nakan ɗebi kaɗan in zuba a ruwan kanwa, ya koma kore, in riƙa ɗiga lemon tsami da tsohon sirinji har ya dawo ja jawur.

"Likita bokan Turai," in ji Umma, "zoɓon sayarwa kike wa allura?"

"Karatu nake yi, Umma."

"To, karatun ya bar mini kanwar miya."

Sai ranar jarrabawar haɗa sinadarai na taɓa riƙe bututun gilashi mai famfo. Ruwan kwalbar da ke ƙarƙashinsa rawaya ne. Ina ɗiga asid sai na ga ya ɗan juya, kamar ɓawon lemon zaƙi da ya fara nuna. Na gani sarai. Amma hannuna ya saba da jan zoɓo, na ce da saura. Malaminmu yana tsaye kusa da ni, kunya ta hana ni tambayarsa ko nan ake tsayawa. Na ci gaba da zubawa har ya yi ja yadda nake so, na rubuta awon ina jin daɗi. Duk lissafin da ya biyo baya a kansa na ɗora.

Da muka fito ƙawata ta ji awona, ta kama haɓa. "Ke, rini kika je yi?"

Kiredit bai zo ba. Ita ta wuce, ni na zauna shekara guda ina taya Umma ƙulla zoɓo kafin in sake zama jarrabawar.

Na ci daga baya, alhamdulillahi. Abin da yake cina har yau shi ne idona bai yi kuskure ba, ni ce ban yarda da shi ba.

Umma kuwa, in ta miƙo mini kofin zoɓo sai ta ce, "Sha, wannan ya gama nuna."