Jan Biron da Ya Raba Malama Rabi da Allo

Da ana dawo da rana ɗaya a gyara ta, da na zaɓi wata Litinin da har yau ta ƙi fita daga raina. A lokacin ni ne hedimastan wata firamare a ƙasar Kiyawa, da satifiket ɗina na giredi tu da furfurar da na yi a bakin allo.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kowane malami yana da littafin shirin darasi. Ran Litinin da safe zai ajiye shi a teburin hedimasta, a duba, a gyara da jan biro, a sa hannu. Abin da aka sa wa hannu shi za a koyar.

A zango na biyu aka turo mana Malama Rabi, sabuwar fita daga kwalejin ilimi, na ba ta Turancin aji biyar. Kullum daga Yalwawa take zuwa, don tana jinyar mahaifiyarta mai shanyewar ɓarin jiki. A wannan makon ta shirya darasi kan kalmomin da ke rikita yara, ta fara da borrow da lend. Mu a Hausa duk aro ne, amma Bature ya raba: mai karɓa da kalmarsa, mai bayarwa da tasa. Ni ban taɓa sanin haka ba. Na soke "lend me your pen" ɗinta, na rubuta "borrow me your pen" kamar yadda na saba koyarwa, na sa hannu.

Da aka fita hutun ƙarfe tara ta shigo ofis. Malam Sabo, malamin lissafi, yana zaune yana cin gyaɗa.

"Ranka ya daɗe, ina jin biro ne ya zame a nan," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Mafita ta ba ni, ban karɓa ba. Na ce, "Birona ba ya zamewa. Tun ba a haife ki ba nake koyar da Turanci."

"Haka ne, Baba. Amma ba zan iya rubuta wa yara wannan a allo ba. A taimaka a duba ƙamus."

Malam Sabo ya tuntsire da dariya. "Kai! Ashe jan biron ma yana neman hedimasta!"

Bayan an tashi na rufe ƙofa, na zaro ƙamus daga kabad. Ita ce da gaskiya. Wannan ne abin da na yi shekaru ina ɓoyewa: ƙamus ɗin yana buɗe a gabana na rubuta mata takardar tuhuma, na aika kwafi ga sakataren ilimi. Ban ambaci kalmomin ba. Na ce ta ƙi bin umarni, ta raina shugaba a gaban ma'aikaci.

A ƙa'ida maganar hedimasta ake fara ji. Aka mayar da ita wani ƙauye da sai babur ke shiga, da damina ma hanyar yankewa take. Ta zo har gidana ta durƙusa.

"Baba, ka sa baki. Inna ba ta da mai juya ta sai ni."

Na ce abin ya fi ƙarfina. Ƙarya nake, layi biyu daga hannuna sun isa a janye. Zango ɗaya ta yi a can ta ajiye aiki. Ni na karɓi ajinta, kuma har na yi ritaya, duk shekara in na zo wannan darasi sai in tsallake.

Bara na nemi gidanta a Yalwawa. Na same ta a kan keken ɗinki, mahaifiyar ta daɗe da rasuwa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na faɗa mata komai, har da ƙamus.

Ta ce, "Nawa na yafe tuntuni, Baba. Na yaran kuwa ba a hannuna yake ba."

Yaran nan sun watse, wasu a gona, wasu a tasha, ban ma san sunayen rabinsu ba. Ina zan bi su? Aikin nan bai taɓa hukunta ni kan rashin sani ba, bai kuma kare Malama Rabi ba duk da ta sani.

Ku da ke duba littattafan malamai yanzu, ina roƙonku don Allah, in ƙaramin ma'aikaci ya ce ku duba ƙamus, ku duba a gabansa. Kada ku jira sai kun rufe ƙofa.