Ƙyastun Nazarbegim

Shekara arba'in Nazarbegim tana hawa tsaunin Pamir da tumakinta duk bazara, ba ta taɓa sayen ashana ba. Kayan ƙyastun uwarta na ɗaure a ƙugunta: ƙarfe, dutse, da busasshiyar ciyawa da take ɓoyewa cikin hula don gudun laima.

Bana sai ga masana daga Dushanbe sun kafa tanti a bakin kogo, wai suna tonon murhun mutanen farko. Ashanarsu ta jiƙe a rafi tun ranar zuwa, don haka kullum da safe shugabansu, Farfesa Shodmon, yana ƙofarta.

"Inna, a ɗan sam mana wuta."

Ta ɗebo masa garwashi.

"A'a, ƙyasta mu gani. Af, kin yi sauri! Sake a hankali, mu ɗauki hoto."

A karo na biyar madarar shayinta ta tafasa ta zube. Ta miƙa masa kayan ƙyastun, ya yi ta bugu har ya fasa yatsa.

"Ɗan nan," ta ce, tana fizge kayanta, "tokar matattu kuke tankaɗewa, wutar tsohuwa kuke roƙo. Ku wacce kuka taɓa hurawa?"